Firaministan da Zubairu Ya Ɗinka a Baibai

Zubairu mai ɗinkin littattafai sai da ya ba shekara sittin da bakwai baya kafin ya san akwai wata ƙasa a duniya wai ita Ireland. Ko a lokacin ma ba shi ya je nemanta ba. Ita ta zo ta same shi har inda yake aiki, a cikin baƙar leda, a hannun wata ɗaliba 'yar Gusau. Amma kafin mu kai ga ledar gara ku san mutumin, don ba irin wanda ake waiwayawa a kalla ba ne idan ya wuce. Dogo ne siriri, farar jallabiyarsa ta ga wanki har ta gaji, kuma magana ba ta dame shi ba.

A Mai Wurno aka haife shi, a gaɓar Shuɗin Nilu, cikin Sudan. Kakansa mutumin Kazaure ne da ya taso a ƙafa zai je Makka, ya tsaya a bakin kogin don ya yi noman damina ɗaya ya sami guzuri, daminar nan kuwa ba ta ƙare ba har aka binne shi a wurin. Shi ya sa Hausar Zubairu tsohuwa ce, irin wadda aka ɗauko daga gida tun kafin zuwan mota, aka yayyafa mata Larabcin Sudan. Yana da shekara goma sha huɗu aka kai shi Omdurman, wurin wani tsoho mai ɗinkin Alƙur'ani a bayan kasuwa. A nan ya koyi shafa wa zare kakin zuma, da yanka kwali, da jan fata a kan bango har ta kwanta luf. Shekara hamsin ya yi yana wannan aiki. Ya ɗinka littattafan malamai da na alƙalai da na ɗalibai, kuma abin da yake taƙama da shi a duniya guda ne: ba a taɓa dawo masa da littafi an ce ya ɓata ba. Sau biyu ya je neman takardar shaidar ɗan ƙasa aka tambaye shi daga ina kakansa ya zo, sai ka ce kakan ne ya zo neman takardar. Ya ji zafin abin ƙwarai, amma ya koma shago ya ɗauki allurarsa.

Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum, wata biyu ya yi yana cewa gobe za a daina. Ranar da harsashi ya fasa randar ruwa a tsakar gidansu, matarsa Amna ba ta yi masa gardama ba, ta shiga ɗaki ta fara ɗaure kaya. Suka bi mota zuwa Wadi Halfa su uku, da 'yarsu Tasneem, suka tarar da dubban mutane suna jiran biza. Amna tana da ciwon sukari. Maganinta ya ƙare a sati na uku, biza ta fito a sati na bakwai. A Halfa ya binne ta, ya shigo Masar da jaka ɗaya da ɗan gwangwanin allurai. Ba ya ba da wannan labari, ni ma ba zan tsawaita shi ba.

A Alƙahira suka kama ɗaki biyu a hawa na huɗu a Hadayek el-Maadi. Tasneem ta shiga yi wa amare lalle, hannunta kuwa yana da kyau, ba ta rasa kira. Shi kuma ya yi ta yawo a Wustul Balad, tsakiyar birnin, har ya faɗa wani lungu a Bab el-Luk, inda ya jiwo warin gam da fata. Mai shagon, Usta Isam, Bamasre ne mai tumbi da saurin magana. Ya dube shi sama da ƙasa, ya miƙa masa wani littafi da ya wargaje ya ce ya gwada. Kafin shayin Usta ya huce Zubairu ya ɗinke rabi. Tun daga ranar aka ba shi tebur a can ƙuryar shago, kusa da ƙarfen matse littafi.

To, akwai abin da Zubairu ya ɓoye wa kowa, har da 'yarsa. Idonsa yana tafiya. Abin ya fara ne kamar an hura hayaƙi a ɗaki, sannan haruffa suka fara narkewa, sannan fuskokin mutane. Yana gane Usta Isam da tarinsa, yana gane takarda da yatsa, yana zura zare a allura da harshe da dabara. Tasneem ta sha ce masa, "Baba, zo mu je a duba maka idon nan," shi kuma ya ce lafiyarsa ƙalau, hasken Masar ne ba shi da kyau. Tsoro yake ji. Ya ji da kunnensa Usta yana ba da labarin tsohon da ya riga shi zama a teburin, yadda ido ya gaza masa aka sallame shi cikin mutunci. Zubairu ya san idan aka sallame shi, abin da ya rage masa shi ne kujera a hawa na huɗu da ƙarar maƙwabta. Gida ya tafi, mata ta tafi, ɗinkin nan kaɗai ya rage da ake kiran sunansa saboda shi.

Ana cikin haka ledar ta zo. Wata yarinya ce mai hijabi ruwan toka ta shigo tana waya, tana faɗa da wata a kan wa ya bar gas a kunne, da Hausa tsantsa. Zubairu ya ɗago daga ƙurya.

"Sannu, ɗiyata. Mutanen ina ne?"

Ta kashe wayar ta zaro ido. Sunanta Fiddausi, daga Gusau, tana zaune a Madinat Nasr tare da wasu ɗalibai, tana digiri na biyu a kan tarihin ƙasashen da aka raba. Da ta ji Hausarsa sai dariya ta kama ta, ta ce tun rasuwar kakarta ba ta sake jin wani ya yi magana haka ba. Nan take ta mai da shi Baba.

Abin da ke cikin ledar littafin Turanci ne da ta tsinta a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai na Azbakiyya. Ba bango, zare ya ruɓe, ya rabu ƙunshi-ƙunshi. Masu sana'ar suna ce wa kowane ƙunshi malzama, wato shafi goma sha shida da aka naɗe wuri ɗaya. Malzama goma sha tara ne, kuma ta bi su da fensir ta sa musu lamba manya-manya don kada su rikice. Ta ce tarihin rayuwar wani firaminista ne na Arewacin Ireland, ta nema ko'ina ba ta samu ba sai wannan. Ta faɗi sunan mutumin, Zubairu ya gwada shi sau biyu a bakinsa, ya ƙi zama, ya haƙura.

Ya yi aikin da zuciya ɗaya, saboda Hausar da ya ji. Ya kai kowace malzama dab da hancinsa har ya gano lambar, ya jera su, ya ɗinke, ya yi masa bango na kore mai duhu. Littafi ya fito tsaf, har Usta Isam ya juya shi a hannu ya ce, "Tamam."

Ranar Lahadi da la'asar ta dawo, Usta ya fita sallah. Ta shafa bangon, ta yi ta godiya, ta buɗe. Ta buɗe tsakiya, ta buɗe ƙarshe, ta sake komawa farko.

"Baba," ta ce a hankali, "daga dama ka jera shi."

Ba sai ta ƙara ba. Hannun da ya shekara hamsin yana ɗinka littafin Larabci ya ajiye ƙashin bayan littafin a dama, ya ɗora malzama ta ɗaya a inda littafin Larabci yake farawa. Ga mai karatun Turanci, ta goma sha tara ce ta zo farko, ta ɗaya ta koma ƙarshe. A Omdurman ya ɗinka na Turanci ba adadi, don da ya ga kan shafi ya san ta ina ake shiga. Wannan karon bai ga kan shafin ba. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Ma'alish, ɗiyata, yi haƙuri. Zan farke shi in sake. Ki ba ni kwanaki, sai gam ya saki."

Ƙarya ce, gam ba ya sakin komai don an jira shi. Gaskiyar ita ce hannunsa yana iya ɗinki ko a cikin duhu, amma farkewa sai an ga zare, a zura bakin wuƙa a ƙarƙashinsa cikin takardar da ta tsufa har tana karyewa. Kuskure kaɗan, shafi ya tsage. Ya san ba zai iya ba, kuma ya san idan ya nemi Usta ya yi masa, magana ta ƙare. Don ya kau da zancen sai ya ce, "To yanzu da me ya fara, yadda na ɗinka shi?"

Ta duba. "Da wani tsoho a lambu, Baba. Ya bar mulki, ya bar ƙasar ma, ya tsallaka teku. Yana zaune, ba mai nemansa."

"Sai kuma me?"

Ta jawo kujera. Haka abin ya fara, kamar wasa. Da ma dole ta karanta littafin, ɗakinsu kuma ba shiru, sai ta riƙa zuwa bayan lacca ta zauna a ƙuryar tana karantawa tana juya masa da Hausa, a jerin da ya ɗinka. Usta Isam ya ɗauka 'yar'uwarsa ce, har shayi yake aiko mata.

Da farko sai da ta shimfiɗa masa ƙasar. Tsibiri ne, ta ce, kore shar, ruwan sama ba ya ɗaukewa. Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce aka raba shi. Kudu ta kama gabanta, gundumomi shida na arewa suka zauna tare da Birtaniya. Masu rinjaye a arewar Furotesta ne, su ne masu son a ci gaba da zama da Birtaniya, kuma jam'iyyarsu ce ta riƙe mulki shekara hamsin ba hamayyar kirki. Katolika kuwa suna kukan ana danne su wajen gidaje da aiki da ƙuri'a.

"Dukansu Kiristoci ne?" Zubairu ya tambaya.

"Duka."

"Farare duka?"

"Duka, Baba. Harshe ɗaya ma suke yi."

"To da me suke gane juna?"

"Da suna. Da makarantar da mutum ya yi, da unguwarsu."

Ya ja zare ya ɗaure. "Wato su ma kakan mutum suke tambaya," ya ce.

Sai tsohon nan na lambu ya tashi, a bakin Fiddausi, ya koma tsibirin. Kowace malzama takan yi gaba shafi goma sha shida, sannan ta gaba ta ɗauke mutumin ta mai da shi baya shekara biyu ko biyar. Ga shi ya ajiye mulki, ransa a ɓace. Malzama ta gaba, yana kan kujerarsa, tituna cike da masu zanga-zanga, 'yan jam'iyyarsa suna zame masa ɗaya bayan ɗaya. Ta gaba, mutanensa na cikin gida suna bin sa da ihu suna ce masa maci amana. Zubairu yana ji yana ɗinkin wani littafin, ido a rufe, tunda buɗe shi ba ya ƙara masa komai. Bai taɓa ganin ƙasa mai ruwa kullum ba, sai ya ara daga abin da ya sani. Ya ɗauki gaɓar Nilu a tsakiyar damina ya shimfiɗa ta har iyakar gani, ya zuba tumaki, ya sa sanyi, ya tsayar da wani dogon Bature da laima a tsakiya. Fankar shagon tana juyawa, ana kiran sallah daga masallatai uku a lokaci guda, shi kuwa yana jin yayyafi a kan kwano.

A rana ta biyu suka kai inda mutumin ya shiga makarantar Katolika ya gaisa da malamanta, abin da ba wani shugaban arewa da ya saba yi, ya kuma gayyato shugaban kudu suka zauna a tebur ɗaya.

"Ka ji namiji," Zubairu ya ce. "An zage shi, an zage shi, bai fasa ba ya je ya miƙa hannu."

"A'a, Baba. Hannun ya fara miƙawa, shi ya sa aka zage shi. Kai ne ka juya."

"To a ɗinkina ya fi kirki."

Ta yi dariya har ta sa littafin a fuska. Amma da suka ci gaba sai murnarsa ta ragu, don malzamomin da suka biyo baya shekaru ne masu yawa da mutumin ya yi yana minista a cikin gwamnatin nan, ana yin abin da ake yi wa Katolika yana zaune yana sa hannu a takardu. Fiddausi ba ta raga masa ba. Ta ce ko lokacin da ya miƙa hannun ma daga sama ya miƙo shi, kamar mai ba da sadaka, kuma mutanen sun ce gaisuwa ba ta zama ɗakin kwana. Ya makara, kuma abin da ya kawo bai kai ba. Zubairu ya ɓata rai kamar an zagi abokinsa. Can ya ce shi dai ya san irin mutanen nan, masu kirki a fuska, waɗanda za su ba ka kujera su kawo maka ruwa sannan su ce ka dawo da takardar kakanka. Duk da haka, ya ce, wanda ya miƙo hannu a makare ya fi wanda ya mutu da nasa a aljihu. Suka rabu a ranar kowa yana ganin shi ne da gaskiya.

A rana ta uku furfurar mutumin ta koma baƙa. Ya cire rigar minista ya sa kakin soja, ya cire kakin ya zama ɗan makaranta mai jin kunya a babban gida mai sanyi, maraya, don ubansa ya mutu a yaƙi tun yana jariri. Sai malzama ta ƙarshe a ɗinkin Zubairu, wadda ita ce ta ɗaya. Fiddausi ta sassauta murya.

"An haife shi. Ubansa yana raye. Tsibirin ma ba a raba shi ba tukuna, babu iyaka."

Wani mai keke ya wuce bakin lungun da faifan burodi a ka.

"Baba, ka bar shi haka," ta ce. "Wallahi na fi son sa a haka. Na san yadda zan bi shi, kuma ba wanda zai sani. Khalas, shi ke nan."

Yarinyar ba wawuya ba ce. Kwana uku tana kallon yadda yake laluben almakashi a kan tebur. Ta buɗe masa ƙofa ne ya fita da mutuncinsa, shi ma ya gane, ya ce mata ta bar littafin ya kwana, gobe ta zo ta ɗauka.

Ya shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari, rana tana shirin faɗuwa, wani saurayi ya tashi ya ba shi wuri. Bayan tashar Sayyida Zainab jirgin yakan fito daga ƙarƙashin ƙasa, haske ya cika taragon, ruwan zuma, ba gefe ba iyaka. Zubairu ya jingina kai da gilashi, ya jera tasa rayuwar daga dama. A ransa jirgin ya wuce Hadayek bai tsaya ba, ya yi ta kudu har Aswan. Ya tsallaka iyaka da baya. A Halfa ƙasa ta buɗe, Amna ta tashi ta karkaɗe tobin da ta yafa ta ce masa ya cika nawa, kwalbar maganinta tana cika kullum maimakon ta ragu. Mota ta mai da su Omdurman. Ta kwance kayan da ta ɗaure, ruwa ya tattaru daga ƙasa ya koma randa, randa ta haɗe. Ya ji ƙamshin bunni, 'ya'yan gahawar da take soyawa da la'asar, ya ji tana yi masa tsiya a kan gam da ya bushe a gemunsa. Daɗi ya kama shi irin wanda rabonsa da shi tun kafin yaƙi, har ya yi murmushi shi kaɗai, wata mata da ke gefensa ta gyara zama.

Sai dai abin bai tsaya inda yake so ba. Malzama ta gaba ta zo. Tasneem ta ƙanƙance ta koma goyo, sannan babu ita. Amna ta zama budurwa a gidan ubanta a unguwar Abbasiyya, ta wuce shi a hanya da tulu ba ta san shi ba, ba ta ko dube shi ba. Shagon Omdurman ya koma na tsohon nan da ya koya masa aiki, hannun Zubairu ya manta ɗinki. Ya tsinci kansa yaro a bakin kogi a Mai Wurno, ba abin da ya rasa domin ba a ba shi komai ba tukuna. Ya nemi Amna a wannan jerin ya ga a nan ma an ƙwace ta, har gara jerin gaskiya, don a can ya san ya taɓa samunta. Hawaye ya zubo masa, bai share ba. Jirgin ya tsaya, aka ce Hadayek el-Maadi, ya sauka.

Ya tarar da Tasneem a ƙasa tana kwaɓa lalle, ɗakin duk ƙamshin mahlabiyya, man da ake sa wa lallen. Ta ce ga abinci nan a rufe. Ya tsaya a kanta ya daɗe, yana son ya ga fuskarta, abin da yake gani kawai inuwa ce mai motsi da muryar uwarta.

Washegari ya riga kowa zuwa. Da Usta Isam ya buɗe shago ya zauna da shayinsa, Zubairu ya ajiye masa koren littafin a gabansa, Fiddausi tana tsaye a bakin ƙofa ta iso ke nan.

"Usta, na ɓata wannan. Na jera shi daga dama. Kuma ba mantuwa ba ce, ba na gani. Na fi shekara ba na ganin rubutu."

Usta Isam ya ajiye shayinsa. Ya buɗe littafin, ya rufe, ya matsar da kofin shayi daga nan zuwa can. "Ma'alish, ya Amm Zubairu," ya ce a ƙarshe. "Na lura tun azumi. Na ce ko zai wuce." Ya ɗauko siririyar wuƙa da kansa, ya sa tabarau, ya zauna a teburin ƙurya ya farke ɗinkin zare bayan zare, yana yi yana tsaki, don ɗinkin ya yi kyau har ya ƙi farkuwa. Da ya gama ya tashi ya kakkaɓe kujerar. "Kai za ka mai da shi. Wannan naka ne." Bai ce shi ne aikinsa na ƙarshe a shagon ba, kuma ba wanda ya buƙaci ya faɗa.

Zubairu ya zauna, ya shafa wa zare kaki, ya juya ƙashin bayan zuwa hagu. "Ɗiyata, ki riƙa miƙo mini kina faɗin lamba."

"Ɗaya," ta ce, ta sa masa a hannu.

Aka haifi yaron. Biyu, ubansa ya tafi yaƙi bai dawo ba. Uku, aka ja layi a tsibirin. Allura tana shiga tana fita a tsofaffin ramukanta, yatsunsa suna samun su ba tare da ya nema ba, kuma bai yi sauri ba ko kaɗan. Ya san abin da ke cikin kowace malzama yanzu, yana jin nauyinta kafin ya ɗinke ta a kan 'yar'uwarta. Wajen ta goma sha huɗu ya ɗan dakata, ya ce a nan ne ya miƙa hannu ko? Ta ce a nan ne. Ya gyaɗa kai ya ja zaren da kyau. Azahar ta yi, ta wuce.

"Sha tara, Baba."

Ya ɗinke ta, ya ɗaure, ya ciji zaren. Ya mai da koren bangon, ya sa a ƙarfen matsewa, suka zauna su uku suna jira. Da ya fito ta buɗe ta duba farko da ƙarshe ta ce daidai. Ya sa gwangwanin alluransa a aljihu, ya yi musabaha da Usta Isam, Usta ya riƙe hannun ya ƙi saki har sai da abin ya so ya yi yawa.

Suka fito lungun tare, ita da littafi a ƙirji. A bakin babban titi motoci suna ta zuba, ƙaho ta ko'ina, ƙananan bas suna yankar juna. Ta yi masa sallama za ta nufi inda take hawa motar Madinat Nasr. Ta yi taku uku ta ji ya kira ta.

Yana tsaye a bakin kwalta, dogo, fuskarsa tana kallon wajen da ba ita take ba. Ya ɗago hannunsa na dama kaɗan, yadda hannun jallabiyar ya sauko yana lilo.

"Ɗiyata," ya ce, "kama mini nan ki tsallakar da ni."